Tabon Ƙusata a Kan Injin Baba

Wata Asabar da damina, ina aji huɗu a firamare, Baba ya miƙo mini guduma da ƙusa a ƙarƙashin mangwaron gidanmu na Nyanya. Tsohuwar motarsa ce ya kwance, ƙirar Amurka mai silinda takwas, wadda in ta yi gurnani kajin unguwa ke watsewa. Kawunan injin biyu, waɗanda makanikai ke kira tof-silinda, suna shanye a kan buhu, ni kuma na gama wanke notuna da kananzir. Ya ce in buga ɗigo ɗaya a na hagu, biyu a na dama, kada su rikice wajen mayarwa. Hannuna ya goce, ƙusar ta ja wani karce kamar sawun kaza. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Shi ke nan, Hajara ta sa hannu."

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, amininsa Oga Tanimu bakanike ya ja motar zuwa garejinsa, wai kada ruwa ya cinye ta. Mutumin da yake cin tuwo kwano ɗaya da Baba! Motar ta dawo tana tari, tana hayaƙi. Baba ya sa aka ɗaga bonet, kallo ɗaya ya yi ya ce ba kawunansa ba ne, an ɗora masa gwangwani. Muka tallabe shi har garejin, bakinsa a karkace, magana tana fita da ƙyar. Tanimu ya dubi jama'a ya ce, "Ku yi masa uzuri, ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa." Aka yi dariya. Na ce ni na buga alamar, aka ce in tafi in yi wasa. Baba bai sake ambaton motar ba har ya rasu, ni kuwa wallahi ban taɓa mantawa ba.

Bara, a wani biki a Lugbe, na ji gurnanin nan. Tanimu ne, ya tsufa, ya kawo ango cikin wata tsohuwar mota, ya buɗe bonet yana wa samari burga. Na kutsa da kwalliyata, na goge maiƙon da ke kan injin da bakin gyalena, injin na ƙona mini yatsa. Ga ɗigo biyu, ga sawun kaza. Na kirawo dattawan Nyanya da ke wurin, ciki har da waɗanda suka yi dariya a ranar, na ce su leƙa.

Tanimu ya raɗa mini, "'Yata, rufa mini asiri."

Na ɗaga murya na ce, "Maimaita musu, wa ciwo ya taɓa wa ƙwaƙwalwa?"

Yanzu an sare mangwaron, shagon cajin waya ne a wurin. Kawunan da Tanimu ya kwance ya dawo da su bayan bikin suna ɗakina a kan buhu, ba motar da zan ɗora su a kai. Ana ta cewa in yafe, tsoho ne. Wanda zai yafe ɗin yana kabari, ni ba a ba ni wannan saƙon ba.