Baƙin Macijin Gwaggo

Shekarar da na koma gidanmu a Goron Dutse wankan jego, Gwaggo ce ke dafa mini ruwa. Yayar mahaifina ce, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Ɗakinta ne a jikin titi, Baffa ƙaninsu kuwa ya daɗe yana auna shi da ido. Shago yake son fasawa.

A ruga Gwaggo ta tashi, ta san macizai kamar yadda na san 'yan unguwarmu. Wata rana da hantsi ta ja ni bayan randarta. Ga wani maciji nan a naɗe, baƙi wuluk. Saura kaɗan in bar zanina a wurin.

"Nutsu, 'yar nan," ta ce. "Dubi kansa, siriri ne. Kububuwa kanta da faɗi, jikinta da zane. Wannan ba shi da dafi, macizai 'yan'uwansa yake ci."

Saɓar da ya yi a tsakar gida ce ta tona shi. Baffa ya ɗauke ta a tsinke ya zaga unguwa da ita.

"Maciji take kiwo, ga jariri a gida!"

Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa ɗaukar jaririn ba.

Ya tara maza, ya sa aka sauke ruwan wankana daga murhu yana tafasa. Gwaggo ta riƙe masa riga.

"Don Allah ka bari in kai shi bayan dutse."

Ya fizge, aka sheƙa ruwan bayan randar. Macijin ya fito yana birgima, fatarsa na saluɓewa, bai kai wa kowa sara ba. Can ya wage baki ya amayo kububuwa guda, ko narkewa ba ta yi ba.

"Kun gani?" in ji Gwaggo, tana kuka. "Kun ga abin da yake tsare mu da shi?"

Baffa ya juya gawar kububuwar da sanda.

"Jama'a, ku shaida. Ashe biyu take kiwo."

Na buɗe baki, aka ce mai jego ta koma ɗaki. Matan da suka sha furarta suka daina amsa gaisuwarta. Kafin in yi arba'in an haɗa mata kaya zuwa ƙauye, kuma har yau ban yafe wa Baffa ba.

Ranar tafiyarta ta tsaya a ƙofata, ba ta shigo ba, don an hana ta taɓa yaron.

"Ki riƙa kaɗe shimfiɗa kafin ki kwantar da shi," ta ce. "Yanzu ba mai gadi."