Ɗigon da Ɗanburam Bai Gwada Ba

Duk wanda ya taɓa kai keken napep gyara a Demsawo shekarun baya ya san Ɗanburam mai zubin roba. Dogo ne siriri, ga taurin kai, yatsunsa kullum a ƙone. Ilimin haɗa sinadarai ya karanta, ya ɗan yi aiki a wata masana'antar roba a Kano, da ta rufe ya tattaro ya dawo Jimeta ya kafa rumfar kwano.

Aikin nasa a ido ba wuya. Akwai ruwan roba mai kauri kamar zuma, akwai kuma wata 'yar kwalba da suke kira katalis. Sai ya ɗiga katalis a cikin ruwan, ya juya, ya zuba a mazubi. Ruwan ya ɗau zafi da kansa, ya sandare, sai ga murfin fitilar keke ko farfelar fanka ko murfin injin ban ruwa. Amma katalis ɗin nan shegen abu ne, ba ya son zafi, ba ya son iska, mu kuwa zafin Yola sai wanda ya zauna. Shi ya sa Ɗanburam ke binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashi cikin randa. Kuma yana da doka guda: ba ya zuba komai sai ya fara cika cokali, ya ɗiga, ya jira ya ga ya yi tauri.

Hyacinth, mai shagon sinadarai a kasuwar Jimeta, shi ke kawo masa katalis daga Anacha, kuma kullum sai ya tsokane shi.

“Malam, wannan gwaji naka ya yi yawa, abeg! Rabin kwalba a cokali yake ƙarewa.”

“Kai dai sayar, ni in gwada,” in ji Ɗanburam.

Mutum ɗaya ce ke iya tanƙwara shi, yayarsa Adda Fadimatu ta unguwar Ajiya. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da alayyahu da kuɓewar da take nomawa a bakin tafkin Njuwa ta ɗauki nauyinsa har ya gama makaranta. Mace ce da ba ta iya zama ba, ko baƙo ne a gidan a tsaye take masa hira.

A shekarar 2015 ta kai kayan lambu kasuwa, bom ya tashi. Ta rayu, amma an yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. A wurin da ake ba da ƙafar roba an rubuta sunanta an ce a jira, don mutanen Mubi da Michika da Madagali sun cika layin. Ita ba ta yi kuka a kan ƙafar ba, lambun take wa kuka. Filin aro ne, kuma mai fili ba ya barin ƙasa a zaune. Ɗanburam ya dafa ƙirji ya ce, “Adda, ni zan zuba miki ƙafa. Da ita za ki koma Njuwa.”

To, a watan nan, don tsoron bama-baman, Hyacinth ya kwashe matarsa Ukamaka da yara ya koma garinsu. Ranar tafiya ya damƙa wa Ɗanburam kwalbar da ta rage masa, ita ma saura kaɗan. Daga nan katalis ya ɓace a Jimeta ɓat. Kowace kwalbar sinadari a hanya abin zargi ce, direba ko ka yi masa magiya ba zai ɗauko ba. Ɗanburam ya daina karɓar aiki, ya binne kwalbar a randa, wata tara yana jiran raunin Adda ya warke.

Da lokaci ya yi ya auna dungulmin, ya haɗa mazubi, ya ɗaga kwalbar a rana ya duba. Abin da ke gindinta bai fi ɗigo talatin ba, ƙafar kuma talatin ɗin take ci. Ya ɗauki cokalin, ya juya shi a hannu, ya ajiye. Haba Ɗanburam! Shekara goma sha biyar kana gwaji saboda murfin fitilar keke, sai ranar ƙafar Addarka za ka yi rowar ɗigo biyu? Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya juye duka, ya juya, ya zuba.

Ƙafa ta fito sumul, gwanin kyau. Adda ta ɗaura, ta zagaya tsakar gida sau uku, maƙwabta na guɗa. Shi kuwa ya koma gefe yana share ido da hularsa.

Daga nan kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya biya Ajiya. Kullum yana tarar da ita a zaune kan tabarma, zane ya rufe ƙafafun har idon sawu.

“Adda, yaya ƙafar?”

“Jam tan, Ɗanburam, lafiya lau. Jiya ma ina Njuwa.”

Wata bakwai ana haka. Ran nan ya je Njuwa duba injin wani manomi, ya ce bari ya leƙa lambun Adda. Sai ya tarar da wani Bobboyi, maƙwabcinta a fadamar, yana ban ruwa a ciki. Bobboyi ya yi ta kame-kame, daga baya ya ajiye fartanya.

“Ai tun zuwanta na uku muka ɗauko ta. Rana ta take, ƙafar ta lanƙwashe, ta faɗa cikin hanyar ruwa, gwiwar ta goce. Ta rantsar da mu kada ka ji. Filin ma mai shi ya ba ni tun damina.”

Ranar Talata ce. Ɗanburam ya shiga gidan ko sallama bai gama ba, ya same ta tana jan jiki a ƙasa za ta madafa. Ƙafar na jingine a bayan ƙofa, a karkace. Ya ɗauka ya danna ta da babban yatsansa, wurin ya lotsa kamar jiƙaƙƙen sabulu. Bai buƙaci a gaya masa ba. Katalis ɗin ya mutu tun yana cikin randa, fatar waje kawai ta yi tauri, cikin bai taɓa nuna ba. Da ya gwada da ya sani.

Adda ta ja zane ta rufe dungulmin, ta harare shi.

“Wa ya ce ka zo yau? Yau ba Juma'a ba ce.”

Ya durƙusa ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa. Ya faɗa mata komai, har cokalin da ya ajiye. Ta ce ya tashi, ba ta son shirme, ƙaddara ce. Ita ta yafe, shi ne bai yafe wa kansa ba.

Yanzu katalis ya dawo kasuwa, ko'ina akwai. Amma gwiwar Adda ta sandare a lanƙwashe, likita ya ce babu ƙafar da za ta zauna a kanta. Ɗanburam bai sake buɗe rumfar ba. Bokitai da kujerun roba na kamfani yake sayarwa a bakin titi, in ka tambaye shi zubi sai ya ce ya manta.

Makon jiya Adda ta aike shi ya sayo mata alayyahu, ta ce lalle na Njuwa. Ya rasa wurin wa zai saya, ya ƙare a wurin Bobboyi. Da ya kawo mata ta karɓi ɗaurin, ta shinshina, ta murza ganye ɗaya a yatsunta, ta daɗe tana kallon ganyen.

“Na filina ne wannan,” ta ce. “Ka gaya wa Bobboyi gefen gabas ba ya riƙe ruwa, ya riƙa ba shi sau biyu.”