Ƙodar Baba da Farin Yadin Baffa

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ciwon ƙoda ya kwantar da mahaifinmu. Ɗan kasuwa ne, yana da rumfar hatsi a Ƙaura Namoda, ni kuma ina koyarwa a wata firamare. Da kumburin ƙafa abin ya fara, sai ƙaiƙayi, sai ciwon ƙashi da ya kai shi ga yin salla a zaune. Mutumin da ke saɓa buhun gero shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zuwa bayan gida.

Ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa, a Shinkafi yake zaune. Ya zo dubiya, ya zauna a zaure cikin mutane, ya ƙare wa Baba kallo, sannan ya miƙo mini wata leda. Farin yadi ne a ciki, sabo fil.

"Aje wanga," in ji shi. "Kada ranar ta zo a tsaya neman likkafani. Kuma ku bar wahal da shi da hanyar asibiti."

Baba yana kwance a tabarma, idonsa biyu.

Kafin girbi Baffa ya ɓalle kwaɗon rumfar ya sa nasa. Ya aika Zurmi aka gaya wa masu noma gonar Baba cewa daga bana wurinsa za su kai amfani, wai riƙo yake mana kafin a raba gado. Ranar da labarin ya iso ni na ɗauki adda. Inna ta tare ƙofa tana kuka, amma muryar Baba ce ta tsayar da ni.

"Aje ta. Ba kai aka yi wa ba. Kai ni Sakkwato, ni zan rama da kaina."

A wani asibiti a can likita ya duba jininsa, ya gaya mana gaskiya cewa ƙodar ba za ta koma yadda take ba. Ya ce akwai wani sinadari, bitamin D, da jiki ke samu daga hasken rana, amma sai ƙoda ta gyara shi yake amfani. Ta Baba ta gaza, shi ya sa ƙasusuwansa ke laushi duk da ranar da ya sha a kasuwa. Ya rubuta masa ƙananan ƙwayoyi na gyararren bitamin ɗin tare da maganin hawan jini, ya hana shi gishiri da kanwa, ya ce a riƙa dawowa awon jini, don yawan maganin ma illa ne.

"Zai ƙara mini kwana?" Baba ya tambaye shi.

"Kwana na Allah ne, Alhaji. Ciwon ƙashin dai ina sa ran zai sauka. Sauran ban yi maka alkawari ba."

Ban taɓa ganin mai shan magani da ƙeta irin Baba ba. Kowace safiya sai ya ɗora ƙwayar a tafin hannu, ya ce, "Wagga ta mutumin Shinkafi ce," sannan ya haɗiye. Miya lami yake sha ba ya ko yamutsa fuska. Da damina ta zagayo ya fara miƙewa da sanda, daga baya ya yi salla a tsaye. Sai ya sa na kai farin yadin nan wurin tela aka ɗinka masa babbar riga.

Ita ya sa ranar da muka shiga kotun Shari'a ƙarar Baffa. Baffa ya gane yadin tun daga bakin ƙofa, ya kau da kai. Da alƙali ya tambaye shi dalilin ƙwace rumfa da amfanin gona, ya ce, "Riƙo nike wa Yaya."

Baba ya dogara sandarsa ya tashi. "Allah gafarta Malam, tambaya guda gare ni. Shari'ar nan da aka kawo muna, ta yarda a ci gadon mai rai?"

Alƙali ya ba da umarni a mai da rumfa da amfanin gona. Dattawa suka yi ta zarya a kan a sasanta, ana tuna wa Baba zumunci. Sallamar Baffa kawai ya yarda ya riƙa amsawa. Duk sanda ya ji Baffa ya shigo cin kasuwar Ƙaura, sai ya sa a fitar masa da kujera bakin rumfa, ya zauna inda dole a wuce ta gabansa.

Ya yi shekaru bayan nan. Ya aurar da autarmu, ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Ban san ko ƙwayar ce ta ja kwanansa ko zuciya ba, na dai san ta tashe shi daga tabarma. A ƙarshe ƙodar ta tsaya gaba ɗaya, ya rasu a ɗakinsa da hantsi.

Baffa ya zo jana'iza, ya tsufa, yana share hawaye. Da aka ɗaga makara ya matso zai kama. Na sa kafaɗata a wurin.

"Ɗana, wana ne fa," ya ce a hankali.

"Mun ishe shi, Baffa."

Ya ja da baya, ya bi mu a ƙarshen sahu har maƙabarta. Liman ya yi mini nasiha a kan haka bayan kwana uku, na saurare shi da ladabi. Har yau ban taka gidan Baffa ba.