'Yar wa ce wannan?

Tun ina ƙarama nake zargin cewa tsinto ni aka yi. Matar da aka ce ita ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ni kuma ina ce mata Adda, kamar wata yayata. Ƙannena kuwa a cinyarta suke yini. An sha gaya mini kunyar 'yar fari ce irin ta Fulani, amma ban yarda ba. Na ɗauka baki manya suka haɗa.

Lokacin da muka koma ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, aka buɗe ajin Turanci na matan aure a unguwar Dubeli. Adda da Goggo, ƙanwar babana, suka shiga, ni kuma nake bin su da goyon ƙanina. Malamar baƙuwa ce daga kudu, Hausarta ta kasuwar Jimeta ce. Da kayan hannun mutane take koyarwa. Ta ɗaga kwano, mai shi ta ce "my", ta kusa da ita ta ce "your", sauran su amsa "her".

Sai na shiga lissafi. Turanci ai ba shi da kunya. In har ni 'yar Adda ce, a nan za ta faɗa. In ta ƙi, to asiri ya tonu.

Ran nan malama ta koma kan yara. Ta jawo 'yar maƙwabciyarmu gaban Adda don gwaji, Adda ta ce "my daughter" da ƙarfinta, har da dariya. Sannan malama ta kamo hannuna.

"Wannan fa, yarinya na wa ne?"

Adda ta ja mayafi ta rufe fuska. Malama ta maimaita tambayar. Mata suka hau gunaguni, ita kuwa Adda ta zari takalmanta ta fice. Ba ta ƙara taka ajin nan ba, duk da son da take masa.

A hanya na yi ta kuka, na ce wa Goggo yau dai na gane gaskiya, a kai ni wurin uwata.

Goggo ta dungure mini kai. "Sakarya! 'Yar wasu ai kin ji yadda ta ce tata ce, ko gezau. Ke kaɗai ce bakinta ya kasa ɗauka."