Ranar da Goruba Ta Dawo wa Malam Safiyanu

Da an sallame sallar asuba a Garin Kolo, ƙauyenmu da ke bayan Auyo, kowa sai ya kama gabansa. Malam Safiyanu kuwa bakin kogi yake gangarawa, da goruba uku a aljihu, da tsohon agogo, da littafi mai baƙin bango. Akwai turaku biyu da ya kafa a gaɓa, taku arba'in tsakaninsu. Yakan tsaya a na farko ya wurga goruba tsakiyar ruwa, ya bi ta da ido yana motsa leɓe har ta wuce na biyu. Ya duba sandar awon zurfi, ya rubuta, ya hau tudu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, tun yana zuwa Haɗeja a babur koyar da lissafi har ya yi ritaya, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu.

To mu me za mu ce da mutumin da kullum yake ba kogi goruba yana motsa baki? Muka yanke cewa mutanen ruwa yake ciyarwa. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ya gifta. Ni kuwa, Yakubu tela, ni na ƙara wa zancen gishiri. Wata rana Malam ya kawo ɗinki ya mance littafin a shagona, na buɗe. Na ga haruffa sun hau kan juna, da wani abu kamar maciji a tsaye, da wata dala da ta kife kai ƙasa. Kafin la'asar gari ya ji cewa na ga hatimin aljanu da idona. Bakina ya fi almakashina kaifi, na sani.

Da ya zo karɓa bai yi fushi ba. Ya ce, "Yakubu, lissafi ne. Faɗin kogi da zurfinsa da gudun goruba su ke gaya mini yawan ruwan da ke wucewa. Ruwan da ya shigo bai fita ba kuwa, yana nan wani wuri yana jiran mu." Wannan maganar ta ƙarshe kaɗai na kai wa mutane, kuma ta fi hatimin ba su tsoro.

Damina uku da suka wuce aka ce ruwa mai yawa na tafe daga sama. Gari ya fito ƙwai da kwarkwata, ana jibga buhunan ƙasa a kan jingar bakin kogi. Ranar Laraba Shu'ibu mai fito yana gyaran jirginsa lokacin da Malam ya wurga goruba. Ta tafi kaɗan, ta tsaya, ta yi juyi a hankali, ta dawo ta wuce ƙafarsa ta nufi inda ruwa ke fitowa. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kogin ya kwanta luf kamar mai a kasko, kwaɗi sun yi tsit.

Shu'ibu ya ce mini, "Wallahi da idona na gani. Na ce, Malam, yau sun ƙi karɓa ne? Ya ce, Shu'ibu, ja jirginka tudu."

Malam ya duƙufa kan littafinsa har azahar, sannan ya tafi ƙofar mai gari. Ya ce ciyawar kachala ta toshe kogin can ƙasa, ruwa na taruwa yana komowa baya. Jingarmu ba za ta karye ba, ta bayan gari zai zo, ta Matacciya, wato tsohon kwarin da ya shekara ashirin bai ga ruwa ba, wanda ya ratsa gefen makabarta. "Ranka ya daɗe, ranar Juma'a zai iso, kafin a sauko daga masallaci. A kwashe rabin buhunan a kai can."

A kwashe buhu daga bakin kogi a kai inda awaki ke kiwo? Wani daga baya ya ce aljanun Malam sun gaji da goruba, gawa suke nema yanzu. Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Sai Ya Gumsu, tsohuwa mai bandar kifi, ta ɗaga murya daga bayan maza. "Ni na ga ruwa ya shiga makabarta a garinmu can gabas. Likkafani na yawo a kan ruwa, mutane na gane nasu. Ko aljani ne ya gaya masa ko alƙalami, ku ɗauki buhu!"

A lokacin wata huɗu ke nan da muka binne mahaifiyata, kuma kabarinta ne na bakin kwarin. Ni na fara ɗaukar buhu, ba don na yarda da Malam ba, don tsoro. Shi kuma ya sauka cikin kwarin, ya karta zane da ƙusa a jikin wata tsamiya, daidai ƙirjinsa. Ya ce, "Nan zai tsaya. Jingarku ta ɗara nan da tafin hannu."

Juma'a ta zo da rana tau, ko gajimare babu. Da hantsi tururuwa suka fito daga kwarin ɗauke da ƙwayayensu, suna hawa tsamiya. Sai ƙasa ta fara yin duhu. Ruwan bai zo da ƙara ba, bai zo da igiya ba, ta cikin ciyawa ya riƙa sanɗa kamar mai gudun kada ya tashi masu barci. Da muka sauko daga masallaci Matacciya ta zama tafki. Kwana biyu ina zaune kan buhu, mahaifiyata a bayana, ruwa a gabana yana hawa jikin tsamiya, ina kallon zanen nan ina kuka ba kunya. Ranar Lahadi ya tsaya, saura yatsa biyu ya taɓa zanen. Ko ɗigo bai shiga makabarta ba, bai shiga gari ba.

Muka ruga muna yi wa Malam barka, muka tarar ya ɓata fuska. "Na yi kuskure da yatsa biyu," in ji shi. "Ban lissafa abin da gonakin shinkafa za su sha ba."

Kai ne, Malam Safiyanu, mai jin maganar kogi da alƙalami. Kai ne muka kira boka, ka tsare mana rayayyunmu da matattunmu. Ka sha yi mini bayani cewa ruwa ba ya ƙarya, doka Allah Ya sa masa, wanda ya yi haƙurin awo zai karanta ta. Na ɓata maka suna a shagona, shi ya sa na zo neman gafararka a gaban jama'a. Ka yafe mini, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Bana yanar ido ta kama Malam, ba ya ganin goruba a kan ruwa. Ku da kuka yi boko kuna ƙorafin lissafi ba shi da amfani, ga littattafai goma sha tara a ɗakinsa suna jiran mai karatu, ku zo tun mai su yana iya bayani. Kafin ku zo, ni nake riƙo hannunsa zuwa gaɓa. Ni ke wurgawa, ni ke ƙirga, shi yana sauraro.

Yau da safe goruba ta tafi gaba, alhamdu lillahi. Ina cikin ƙirga, leɓena na motsi, sai wata mata da ta zo ɗiban ruwa ta dube ni, ta yi a'uziyya, ta janye 'yarta. Malam ya tambaye ni me ya faru, na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ci gaba da ƙirga, Yakubu."