Ɗakin Katin Malam Mudi

Shekara ashirin da bakwai Malam Mudi ya yi a ɗakin kati na wani asibiti a Gashuwa, bai taɓa tambayar majinyaci lambarsa ba. Mutanenmu ina suke riƙe lamba? Wani katinsa ya jiƙe a kwalekwale, wani akuya ta cinye. Shi ya sa ya jera katunan gari-gari: na Dagona a ƙasa kusa da ƙofa, na Yusufari can sama, makiyaya kuwa da sunan arɗonsu. Ka faɗi sunan mahaifinka kawai, ya miƙa hannu ya zaro.

Da aka kawo kwamfuta, sai aka bar shi da kujera da makulli. Bana aka ce za a mayar da ɗakin sito, shi kuma ya tafi gida, sai fa in atisaye ya nuna amfaninsa. Za a kashe kwamfutoci awa biyu, kamar ambaliya ta ɗauke wuta, a ga ko aiki zai tafi da takarda.

Mako guda ya yi yana goge kantoci. Ranar kuwa farar rigarsa ya sa, ta sha guga.

Ana buga ƙararrawa, Sista Hafiza mai jagorantar atisayen ta zo ta rataya masa jan kwali a wuya.

"Baba, yau kana cikin waɗanda ruwa ya ci. Hau gado."

"Ni? 'Yata, yau ce fa ranata."

"Haka tsarin yake. Ana so a ga ko za a iya ba tare da kai ba. Ran ambaliyar gaske wa ya san inda za ka kasance?"

Ya kwanta a gadon da ke baranda. Yana jin ma'aikata biyu suna ta laluben katin Hamajoɗa, wani makiyayi mai ciwon ƙoda, suna bin lamba. Ya ɗaga kai.

"Ku duba na Arɗo Bappayo, ta hagu..."

"Baba, kai fa a sume kake," in ji Hafiza tana dariya. Ya mayar da kansa.

Cikin kati arba'in da aka nema, uku suka samo. Aka rubuta cewa ɗakin ba ya aiki sai da mutum ɗaya. Ba ƙarya suka yi ba, shi ma bai musa ba.

Ran Laraba aka ɗura katunan a buhuna, na Dagona da na Dapchi duk a cakuɗe. Shi ya riƙe musu bakin buhu.

Yanzu yana Nguru wurin 'yarsa. Da na je gaishe shi na tambaye shi me ya hana shi koya wa wani. 

"Ba wanda ya tambaye ni," in ji shi. "Ni ma ban kira kowa ba."