Rubutun Awwalu a Jikin Bom

A farkon shekarun 1950, gefen Jarwal inda Hausawan Makka suka fi zama bai wuce bukkoki ba, waɗanda aka harhaɗa da katako da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka daddale. Lungunan suna hawa jikin dutse, masu ruwa suna bin su da garwa biyu a sanda, mata kuma suna soya gyaɗa a bakin ƙofa. A nan Awwalu ya zauna. Sana'arsa ɗaukar shibriyya, wato gadon katakon da maza huɗu ke ɗorawa a ka su yi wa tsofaffi ɗawafi da sa'ayi. Abin da ke tafe na samo shi ne daga 'yarsa Shatu, wadda ke zaune a unguwar Zahir ta Makka, da kuma iyalan abokin aikinsa Mukhtaru.

Iyayen Awwalu sun taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, suka yi shekaru a Sudan suna noman auduga. Yaƙin duniya na biyu ya same shi a can yana saurayi. Ya shiga aikin lebura a rundunar sojan sama ta Ingila, aka kai su wani filin jirgi a Masar, inda manyan jirage masu inji huɗu ke tashi. Aikinsa shi ne tura bama-bamai a kan amalanken ƙarfe zuwa ƙarƙashin jirgi, a ɗaga su a rataye.

Turawan sun saba rubuta zagi da alli a jikin bom. Awwalu kuwa ya tashi ne a gidan da ko tukunya ba a saukewa sai da bisimilla, ga shi ya taɓa ganin jirgi ya kama da wuta tun bai bar ƙasa ba. Saboda haka ya fara rubuta Bisimilla a jikin kowane bom da ya taɓa, domin kada ya fashe da samarin da ke ciki. Mai bindigar wutsiyar wani jirgi, wani siririn Bature mai in'ina, shi ke ajiye masa alli a aljihu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Awwalu, jirgin nan bai dawo ba. Daga nan kowane matuƙi sai ya aika a nemo shi. Inda bama-baman ke sauka, ba a gaya wa lebura, shi ma bai tambaya ba.

Bayan yaƙi ya ƙaraso Makka, ya auri Ramlatu, ya riƙa ba da wannan labari da alfahari har abokan aiki suka laƙaba masa Soja.

A hajjin 1951 aka ba su wata tsohuwa 'yar Bangazi ta ƙasar Libiya, mai tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Da za su ɗaga ta Awwalu ya yi bisimilla da ƙarfi kamar kullum, Mukhtaru ya ce, "A hankali, Soja, wannan ba kayan Bature ba ne, Hajiya ce." Tsohuwar ba ta ji Hausar ba, amma ta ji bisimillar, ta sa masa albarka.

Sai da suka sauke ta kusa da Marwa ta huta, ta ba su labarin tabon. Jirage sun yi wa unguwarsu ta bakin tashar jirgin ruwa ruwan wuta, 'ya'yanta biyu suka rasu a ƙarƙashin gini. A farfajiyar maƙwabta an sami bom ɗaya da bai fashe ba, da sunan Allah a jikinsa, rubutu irin na wanda ya yi karatun allo. Mutanen unguwa suka ce sunan ne ya hana shi tashi.

"To, ɗana," in ji ta, tana duban Awwalu, "wanda ya faɗa wa 'ya'yana fa? Shi an manta ba a rubuta masa ba ne?"

Awwalu ya san bai taɓa tsallake ko ɗaya da ya bi ta hannunsa ba. Mukhtaru ya buɗe baki, Awwalu ya taka masa ƙafa. Tsohuwar ta roƙe shi ya sa 'ya'yanta a addu'a, tunda shi maƙwabcin Ɗakin Allah ne. Ya amsa da to, kansa a ƙasa.

Dole in faɗa cewa babu hujjar da ke nuna hannunsa ne. Musulmi da yawa sun yi irin aikin nan, kuma ba daga fili ɗaya aka kai wa Bangazi hari ba. Mukhtaru ya sha gaya masa haka. Amsar Awwalu ita ce, in ba nata ba, ai na wata ne.

Ya yi niyyar gaya mata gaskiya ya nemi gafararta, ya yi ta jinkirtawa har aka sauko daga Mina. Ranar da ya isa masaukinsu, an ce sun wuce Madina. Ya hana a ƙara kiransa Soja. Shatu ta ce ta tashi ta tarar mahaifinta ba ya rubuta bisimilla ko a allon yara, sai ya miƙa wa Ramlatu alƙalamin. Kowace shekara yakan bi masaukan mutanen Libiya yana tambayar tsohuwa mai tabo a hannu, alhali ko sunanta bai sani ba.

Ya rasu bai same ta ba. Ni ma na bincika ban gano sunanta ko danginta ba, kuma gafarar da ya so nema har yau ba a nema ba.